Kurame Biyu a Gida Ɗaya

Shekara huɗu ke nan da kunnen Inna Laraba ya rufe,
tun zazzaɓin wata damina.
Azahar a inuwar katanga take karanta ta,
zuwana kuwa a fuskar kajinta,
don su ne ke fara jin babur ɗina ya shigo Yelwa.

Na sayo mata waya a babbar kasuwar Garwa,
ta hannu ce, bayanta da faso kamar diddigen manomi.
Na ce tunda kunne ya ƙi, to jiki ya karɓa.
Na ja sandar jijjigar har ta tokare da bango.

Ran farko wayar ta tashi da ƙafarta,
ta ratsa faifai, ta faɗa ƙwaryar jiƙon tsamiya.
Washegari tana ƙulle a haɓar zani
Asabe ta kira daga Marwa don su ga juna,
Inna ta watsar da tsintsiya tana neman kunama.
Dare na uku a ƙarƙashin matashi ta kwana,
ta tashe ta da faɗuwar gaba,
ga ta da zafi kamar dutsen guga.

Da yatsa biyu ta miƙo min, kamar mai riƙe da wutsiyar ɓera.
"Tanimu, abin nan naka ba ta da ladabi.
Sallama ake yi, ba a banke ƙofa."

Bayan isha muka zauna gindin dalbejiya,
wayar a tafinta, yatsana a kan gilashi.
Na dawo da sandar baya kaɗan.
Ta ce injin markaɗen Hamajoda ne.
Kaɗan kuma.
Ta ce zanzaro ne a cikin kwalba.
Na yi ta ragewa kamar mai tsoron gishiri a miyar baƙi,
har ta runtse ido, ta yi tsit,
can ta ce, "Nan.
Ɗan tsako ne, yana numfashi."

Na kashe ɓarin da take yi duk sanda aka taɓa ta,
na bar na kira kawai.
Muka yanke: ba ƙirji, ba matashi,
da rana jakar ƙugu, da dare kan kujera.

Sai ta kifa min ita a hannu,
ta yi wa Ubale alama ya buga daga zaure,
wai in ɗanɗana abin da ta zaɓa.
Gilashi ya haska.
Sunan yaron ya fito.
Ina kallo.
Ban ji komai ba.

Awa goma kullum ina riƙe da kan babur,
hanyar Pitowa na kaɗa ni tun daga farce har kafaɗa.
Na san da asuba yatsuna kan yi fari kamar ɓararren rogo,
na san kofin shayi biyu da suka suɓuce min,
na ɗora laifin a kan barci.

Ta daɗe tana duban hannun nan da ta taɓa wanke wa tuwo.
"Ashe kurame biyu ne a gidan nan."

Ruwan ɗumi ta sa, da man kaɗanya,
tana murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana kiran sunansu
kamar ranar da take koya min ƙirge.
Da safe ita ta tsare ƙofa
sai da na yi alkawarin asibiti.

Yanzu ina da safar hannu mai kauri,
na sake robar kan babur, na daina damƙa kamar mai kokawa.
In na yi sawu huɗu, biyar, sai in tsaya kusa da gadar Binuwai,
in kashe inji, in buɗe tafuna ga iska,
masu kwale-kwale na tsammanin addu'a nake.

Da daddare takan sa min wayar a hannu,
Ubale ya buga daga zaure,
ita kuma ta zuba wa fuskata ido.
Wani daren babu kowa.
Wani daren, can ƙasan fata,
ɗan tsakon yakan motsa.